Furar da Ta Hana Dokta Hamani Shiga Mota

Har yau ban manta da Larabar nan da na tsoma baki cikin zancen farfesoshi ba, ni da ko aji uku ban gama ba a lakol ɗin Gangara. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna jin ana ce mani Inna Sandika, ba ku san mafari ba. To ga shi.

Lokacin ina shugabar madafa a gidan baƙinmu na Agiye. Ana dab da damina diraktan gidan ya kira ni buro, ofishinsa, ya ce, "Inna Salamu, baƙi za mu yi na kwana uku, malaman jami'a da shugabanninsu. Tuwo biyu, ɗaki biyu. Kada ki haɗa su kwano."

Na ce, "Faɗa suka yi?"

Ya ce, "Yajin aiki."

Ai na sani. Ɗiyata Rabi a can take karatu, shekararta ta ƙarshe, ga ta zaune gabana tana tsince mani shinkafa tun da aka rufe azuzuwa. An riga an ce in makon nan ya wuce ba a sa hannu ba, shekarar duka za a soke, kowa ya maimaita.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ƙungiyar malamai, wadda suke kira sandika, tana da jagora, Dokta Hamani, Bazabarme dogo mai son yaji. Jami'a kuma ta turo mataimakin shugabanta, Farfesa Isufu, mutum mai kwat ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Sukan zauna tebur guda su karanta takarda layi-layi. In an cije, kowa ya kwashi mutanensa ya koma ɗakinsa shawara. Duk sun daidaita sai layi ɗaya: ƙananan malaman da suka daɗe suna koyarwa da takardar wucin gadi. Jami'a ta ce za a tabbatar da su in kwamiti ya duba. Sandika ta ce a rubuta ranar da za a tabbatar da su. Kwana biyu kan wannan, kuma duk da Faransanci. Ni dai ba na jin Faransanci, amma ina jin muryar mutumin da ya fara tattara takalmansa.

Ranar Laraba da hantsi na fita bayan madafa zubar da ruwa, sai na ji Farfesa gindin itacen bedi yana waya da gida. Muryar ma ba tasa ta cikin taro ba ce. "Inna, lahiya lau. Mi kika ci? Ina zakkuwa Cadakori in an ƙare wanga aiki." Na tsaya da kwano a hannu, don Cadakori ƙasar Gobir ce. Ashe Bagobiri ne tsantsa, zaman Yamai ne ya goge shi, ga fuska ba zanen Gobirawa.

Ku kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Taubasai ne. Wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ƙarya ne, kuma ba a fushi, ba a rabuwa baram-baram. Amma su biyun nan kwana uku suna ta kiran juna da muƙami.

Da azahar abin ya watse. Dokta Hamani ya fito da jakarsa yana kiran mai tuƙa su. Rabi kawai nake gani. Na sure ƙwaryar fura, na karya dokar dirakta, na bi ta tsakiyar fili na ajiye gaban Farfesa, na ɗaga murya yadda za ta kai bakin mota.

"Ranka ya daɗe, ga fura irin ta Cadakori. Na san Bagobiri ba ya iya shawara da ciki wayam."

Dokta Hamani ya saki ƙofar mota. "Inna, wane ne Bagobiri?"

Na ce, "Ga shi nan cikin kwat."

Ya dawo a hankali, ya ƙare wa Farfesa kallo sama da ƙasa. "Kwana uku ina miƙewa tsaye don bawana. Shi ya sa. Na yi ta mamakin wannan taurin kai a wace jami'a aka koyo shi."

Farfesa ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. "Kai mai cin ganye, wa ya ba ka izinin tafiya ubangidanka bai sallame ka ba? Zauna. Inna, a ba shi ludayi, can garinsu ba su san fura ba."

Suka zauna kan tabarmata ta shanya kuɓewa, ƙwarya ɗaya, ludayi biyu. Dirakta na hararata daga taga, na yi kamar ban gan shi ba.

Kada ku ce wasan ne ya warware layin. Wasan ya buɗe masu baki ne kawai. Ina kwashe kwanoni na ji Farfesa ya ce da Hausa, "Hamani, ranar nan ba hannuna take ba, tana hannun gwamnati a Yamai. In na rubuta, ƙarya na rubuta maka."

Dokta ya ce, "Ni kuma in na koma ba rana, ƙananan malaman nan ba za su sake yarda da ni ba. Me ke hannunka?"

"Ranar da kwamiti zai zauna."

"To rubuta ta. Ka ba mu kujera biyu a ciki."

"Ɗaya. Bazabarme biyu a ɗaki guda ai kasuwa ce."

"Biyu, ko in tafi da ƙwaryar."

Biyu aka rubuta. Bayan la'asar kowa ya koma ɗakinsa ya shawo kan mutanensa, ran Alhamis da safe aka sa hannu, kowane shafi sai da suka sa alama a gindinsa. Dokta Hamani ne ya leƙo madafa ya ce, "Ina Inna Sandika? A ƙara yaji." Sunan ke nan. Dirakta kuwa cewa ya yi, "Na ce kada ki haɗa su kwano." Na ce, "Ƙwarya ce, ranka ya daɗe." Ya yi dariya ya wuce.

Abin da na koya, mutanen nan masu manyan takardu kowa na da abin da yake jin tsoron faɗi a tebur, kuma yakan faɗe shi a tabarma. Ku masu kai abinci, ku riƙa saurare, ba don kai gulma ba.

Litinin ta zagayo na raka Rabi tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli. Shinkafar kuwa, ni na ci gaba da tsince abata, ina waƙa.