Likkafanin Goggo a Kujerar Baya

Goggo, ƙanwar babanmu, ta rasu da hantsi a gidanmu na unguwar Bolori, cikin watan zafi. Ita ta riƙe mu bayan mahaifiyarmu. Yayana yana Kano shi da iyalinsa, ya bar min motarsa ajiya, don haka ni aka tura kasuwar Gamboru sayo likkafani da turare. Liman ya ce a yi jana'iza bayan Azahar, saboda zafin garin ba ya barin a jinkirta gawa.

Na dawo na tarar da ƙofar gida cike da maza a kan tabarmi. Ina tsayawa na hango kawuna, tsoho ne mai ciwon gwiwa, yana ƙoƙarin tsallake kwata. Na fito da sauri na kama hannunsa. Wani mai gaisuwa ya ga ƙofar mota a buɗe tana tare hanya, ya tura ta. Ban kai kawu tabarma ba na ji ƙit. Motar irin mai kulle kanta ce. Makulli na kan kujerar direba tare da wayata, likkafani na kujerar baya cikin farar leda.

Na ja ƙofa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na sake ja, kamar wata za ta ji tausayina. Mata a cikin gida sun riga sun ɗora ruwan wankan gawa.

Maƙwabcinmu tela ne ya fara kawo shawara. "Ai wannan ba komai ba ne. Ina ɗaya makullin?"

"Yana Kano," na ce.

"To shi ke nan. A kira su, su danna makullin a bakin waya, kai kuma ka kara taka a jikin ƙofa. Na ga an yi."

Aka ba ni aron waya. Yayana ya riga ya hau motar haya ya kamo hanya, sai na kira matarsa. Tana kuka na yi mata bayani, ta je ta lalubo makullin. Na kara wayar a hannun ƙofa, na kara a gilashi, na durƙusa na kara a wajen taya, duk inda aka ce in gwada. Muna jin danne-dannenta da shesshekarta. "Ta buɗe?" take tambaya. "Yaya, sake dannawa," nake cewa. Daga baya layi ya katse.

Wani mai keke napep ya ce motoci iri ɗaya makullinsu ɗaya, kamfani ne ke ɓoyewa. Aka tare wani bawan Allah a bakin titi mai irin motar, ya yi mana ta'aziyya, ya ba da makullinsa. Makullin ya shiga ramin, ya ƙi juyawa. Wani malamin makaranta kuma ya ce a huda ƙwallo, a ɗora hudar a kan ramin makulli a matsa da ƙarfi, iska za ta ɗaga sakata. Aka samo ƙwallon roba, aka gasa ƙusa aka huda. Ya matsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙwallon ta yi fus, motar na nan yadda take.

Har yau ina tambayar kaina me ya hana mu tura wani Gamboru tun farko ya sayo wani yadin. Amma kowace dabara aka kawo, sai mu ga kamar yanzun nan za ta buɗe, ga yadin muna kallonsa ta gilashi. A haka aka kira sallah.

Ƙanwata ta leƙo daga zaure, idonta jajur. "Yaya, an gama wanka. Suna jira."

Na ɗauki dutse. Kawu ya ce, "Kai, motar amana ce." Na ce masa Goggo ma amana ce, ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na buga a ƙaramin gilashin baya, dutsen ya dawo ya goge min yatsa, gilashin ya yi ɗan tabo kawai. Na ɗaga zan sake, dutsen ya suɓuce ya faɗi. Na jingina da motar, ƙarfen na ƙona min baya, na kasa matsawa. Liman ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗaga kai ya dubi rana.

Sai ga wata tsohuwa Babarbariya da ke gidan da ke kallon namu ta fito tana dogara sanda, da ƙunshi a hammata. Shekaru suna zama da Goggo da yamma suna gyaran kuka da kuɓewa. Ta miƙo min ƙunshin.

"Kanadi, ɗana," ta ce, wato in yi haƙuri. "Likkafanina ne, na daɗe da ajiye shi. Kai musu."

"Iya, ke fa?"

"Ni ban tafi ba tukuna. Yi sauri, kada ta gaji da jira."

Da shi aka suturta Goggo. Muka sallace ta, muka ɗauki makara muka raɓa ta gefen motar, don ta cinye rabin lungun, sai da masu ɗauka suka karkata kafaɗa.

Da muka dawo daga maƙabarta mun tarar wani makanike da aka kira ya buɗe ta da siririn ƙarfe, har ya tafi. Yadin da ke cikin motar na kai wa Iya washegari, ta karɓa ta ajiye. A ranar dai na shiga motar na zauna, ƙofa a buɗe, ciki kamar tanda. Wayata ta yi zafi, ga kiran yayana da yawa. Na kira shi, ya ce sun wuce Potiskum.

"An kai ta?" ya tambaya.

"An kai ta."

"Komai dai ya tafi daidai?"

Na ce masa eh, ya zo lafiya.