Ƙarin Sifirin a Motar Labbo

Duk wanda ya taɓa ɗauko albasa daga Augie zuwa Birnin Kebbi ya san Labbo direba, ko kuwa ya san motarsa: tsohuwar a-kori-kura ruwan ƙasa, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Ɗan masunta ne na Argungu. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a kan ruwa, amma tun yana saurayi ya jingine homar kamun kifi ya bi mota. Ya yi yaron mota har gemu ya fito masa, sannan ya kama sitiyari. Bai taɓa kifar da kayan kowa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Matarsa Aminatu tun yana yaron mota ta aure shi. Sana'arta turara shinkafa, kuma mace ce da ba a jin kukanta.

Bara, da kakar albasa ta gabato, Labbo ya ga samari masu sababbin motoci suna lodin da ya ninka nasa. Tasa kuwa da an ɗora mata kaya sai bayanta ya durƙusa, a kwana ta karkata kamar za ta kwanta, ga wata ƙara ƙwal-ƙwal daga ƙasan gaba. Sai ya kai ta unguwar Nasarawa, garejin Maliki, wani bakanike Bakatsine da suka daɗe suna wasa irin na Kabawa da Katsinawa.

Maliki ya shiga ƙarƙashi ya girgiza ƙarafa, ya fito yana dariya.

"Bakabe, kwalekwale ka ɗauke ta ne? Linkejinka duk sun mutu."

Ya nuna masa wasu gajerun ƙarafa biyu, waɗanda ke haɗa ƙafafun gaba da sandar da ke hana mota karkata. Robarsu ta cinye, ɗaya ma ya tsinke.

"Canza su," in ji Labbo. "Ka sa sabon shokozoba. Kuma ka ƙara min sifirin baya, falle bibbiyu kowane gehe."

"Falle bibbiyu? Kaya kam za ta ɗauka kamar raƙumi. Amma ranar da ba kaya, haƙoranka za su gaya maka."

"Bakatsine, yi aikinka. Ni ba ni tahiya wofi."

Aka yi aikin. Motar ta miƙe tsaye, ƙara ta ɗauke, karkata ta ragu. Riskuwa, wanda ke raba lodi a madadin manoman Augie, ya ga abin da take ɗauka, ya mayar da manyan kayansa gare ta. Labbo ya koma gida yana taku ɗai-ɗai.

Ana tsakiyar kaka Aminatu ta sunkuya za ta sauke tukunyar shinkafa, bayanta ya riƙe. Aka yi na gida bai yi ba. Likita ya ce ƙashin baya ne, sai an riƙa kai ta Birnin Kebbi gashin ƙashi kowane mako, in ba haka ba ƙafafun na iya daina ɗaukarta. Motar haya ba ta yiwu ba, domin cunkusa mutane ake yi kamar kifi a kwando, ita kuwa ba ta iya zama sai a kishingiɗe. Labbo ma cewa ya yi matar direba ba ta tsayuwa a tasha.

Ya shimfiɗa mata bargo a kujerar gaba suka kama hanya, bayan mota wayam. Nan maganar Maliki ta tabbata. Ƙarfen da aka ƙara don nauyi bai san tausayi ba. Kowane rami sai motar ta yi sama ta dawo, dukan ya bi kujera ya shiga bayan mai ciwo. Mako na gaba ya ɗebo buhunan yashi daga bakin gulbi ya jera a baya don motar ta lafa. Ta ɗan lafa, sai ya gaya wa kansa an wuce wurin.

Wata rana, sun kusa shiga gari, ya waiwaya don ya tambaye ta ko tana son ruwa. Sai ya ga ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, hawaye na bin kunnenta. A ƙofar asibiti ta kasa saukowa, sai da aka kawo keken marasa lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta dubi Labbo ta ce, "Baba, a kan me kuke kawo ta? Abin da muka gyara, hanya na warwarewa."

Da suka dawo gida Aminatu ta ce, "Malam, ka bar ni gida. Albasa ba ta jiran mai ciwo."

"Innar Jamil, wa ya tambaye ki?" in ji shi, yana kiranta da sunan ɗansu.

"Ni dai na hwaɗi. Manoma sun riƙe ka yanzu. In ka sake su, ba su dawowa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Ya kwana biyu yana jujjuya ta. Cire sifirin da mayar da shi ba aikin kowane mako ba ne. Mota ɗaya gare shi, kuma ba za ta zama raƙumi da shimfiɗa a lokaci guda ba.

Ya koma Nasarawa. Maliki ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya haɗiye.

"Cire su," in ji Labbo.

"A tsakiyar kaka, Malam Labbo?"

"Na ce ka cire."

Da ya je Augie aka fara lodi, tun ba a kai rabin abin da aka saba ba bayan motar ya durƙusa. Riskuwa ya zagaya ta, ya tsaya.

"Labbo, ba mu ƙi ka ba. Amma albasag ga ruɓewa takai, ba mu iya sawu biyu inda ɗaya ya isa."

Ya ɗaga hannu ya kira wani saurayi. Labbo da kansa ya taya aka sauke buhunan da aka riga aka ɗora, bai yi wa kowa bayani ba.

Ranar asibiti suka fito da hantsi. Motar tana hawa ramuka tana sauka a hankali. A hanya wata mota ta wuce su, jajayen buhuna har sama, direban ya danna masa oda ta gaisuwa. Labbo bai amsa ba. Aminatu ta bi motar da ido har ta ɓace, sannan ta shafa kujerar da take kai.

"Ka cire, ke nan."

Ya ci gaba da tuƙi, ita kuwa ta ƙara da cewa:

"Likita ya ce abin na iya kai damina. Da mi za mu ci, Malam?"

"Ke dai gyara kwanciya," in ji shi. Ya hango rami a gaba, ya rage wuta.