Katifar Kwalli

Duk Tsafe an san Malam Arzika mai katifa. Shekara arba'in yana rumfarsa ta bakin titin Funtuwa, yana dukan audugar rimi da tsumagiya, yana cusawa, yana ɗinkewa da basilla. Da katifar soso ta cika gari sai ya koma yin matasan kai, amma bakin nan nasa bai mutu ba. Har gobe cewa yake duk wanda bai kwanta a kan aikinsa ba, bai san barci ba.

To, wannan mutumin ne kyanwa ta wulaƙanta.

Kwalli ake ce mata, mussar matarsa Hanatu ce. Bara da damina Hanatu ta rasu, 'ya'ya kuma duk suna Gusau, gida ya rage daga shi sai Kwalli. Ba a yi wata biyu ba ta tsallake katanga, ta tare a zauren Tambaya mai daddawa. Abin haushin, kullum sai ta zo ta ci abincinsa, ta lashe baki, ta kaɗa wutsiya ta koma can. Shi kuwa so yake ta dawo, don gidan ya yi masa faɗi.

"Malam, 'yar gidanka ta kwana lahiya lau," in ji Tambaya duk safiya, tana dariya.

Ya amsa da ƙyar, kishi na cin sa. Zauren daddawa fa! Wurin da ko wucewa za ka yi sai ka toshe hanci.

Sai ya ce matsalar makwanci ce, makwanci kuwa sana'arsa ce. Ya auna Kwalli da zare tana cikin cin abinci, ya ɗinka mata 'yar katifa da jan yadi, ya shanya, ya turara ta da turaren wuta. Haka yake yi wa katifar amarya, kuma bai taɓa sallamar aiki ba turare ba. Kwalli ta sunsuna, ta yi atishawa, ta haye katanga.

Ya hau mota har Sabon Gari a Gusau, wurin wani mai sayar da maganin dabbobi. Mutumin ya ce kyanwa tana son wuri mai zurfi da za ta naɗe a ciki. Arzika ya dawo ya yi wata mai baki kamar kasko, ya sake zabga mata turare. Wannan ko sunsunawa ba ta samu ba.

Nan fa ya ce ai ba banza ba, tsohuwar nan kifi take ba ta a ɓoye. Wata Talata da hantsi ya rungumi katifar, ya tsaya a ƙofar zauren, ya yi sallama sama-sama.

"Tambaya, ki ji tsoron Allah. Mi kike ba mussar nan?"

"Ni? Ko ruwa ban taɓa ba ta ba. Shigo ka gani."

Kwalli tana ƙarƙashin tebur cikin wani yagaggen kwando, ta naɗe a kan tsumma. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Wannan tsumman ta fifita a kan aikina?"

Tambaya ta daina dariya. "Tsumma? Malam, duba da kyau. Zanen Hanatu ne. Kai da kanka ka aiko min da shi sadaka. Ran da na ajiye shi nan ta hau, ni kuma na kasa tada ta."

Ya durƙusa ya duba. Shuɗi ne mai zanen ganye, gefensa ya koɗe. Shekara nawa Hanatu tana ɗaura shi a gabansa, amma sai da aka faɗa masa.

"Ɗauke shi, za ta bi ka," in ji Tambaya.

"Ba a karɓe sadaka."

Ya ajiye katifar a ƙasa ya zauna a kanta. Yanzu ba da Tambaya yake kishi ba.

"Kwalli ta gane shi," ya ce. "Ni ban gane ba."