Hannun Hagu a Shagon Ƙanina

Ƙanina mai fenti ne. In ka bi layin bayan tasha, inda masu walda da masu facin taya suke, duk allon shagon da ka ga rubutunsa ya zauna daram, to hannunsa ne. Mai Fenti kowa yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Ni kuwa fiye da shekara ashirin na yi ina jin kunyar a ce ƙanina ne, kuma wannan kunyar ce ta kusa sa in rasa autata alhali tana kwance a ɗakin da ke jikin nawa. Zan faɗi yadda aka yi, ko da yake ba ni ce mutumiyar kirkin labarin ba.

Tun yana ƙarami bango bai taɓa hutawa a gidanmu ba. Gawayi, alli, guntun bulo, duk abin da ya faɗo hannunsa sai ya zana wani abu da shi. Mahaifiyarmu ta yi duka har ta gaji, ta koma ajiye masa bokiti da tsumma, in ya gama an kalla ya goge abinsa. Shekara biyar na ba shi. Ni ce mai kai shi makaranta, ni ce kuma mai kai ƙararsa, kuma na fi ƙwarewa a na biyun.

Ya shiga kwaleji yana karatun zanen gine-gine. A shekara ta biyu ya zo hutu bai koma ba. Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ba ihu, ba duka, ba ko ɗaya daga abubuwan da mutane ke tsammani in an ce kan mutum ya taɓu. Wanka ya daina, abinci sai an tsaya a kansa, fensir kuwa ko kallonsa ba ya yi. Mahaifinmu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya nemo magani iri-iri. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ya ce a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Wata huɗu ya yi a kwance. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani.

Mu kuma muka gaya wa duniya cewa ya tafi koyon sana'a wajen wani ɗan'uwanmu. Ni na ƙirƙiro wannan ƙaryar, ni na koya wa kowa ita a gida. Lokacin ina sabuwar malama, ana kuma maganar aurena, ina tsoron a ce abin a jininmu yake. A wata huɗun nan sau ɗaya na je duba shi, shi ma sai da na waiga dama da hagu kafin in shiga.

Ya fito, ya samu sauƙi, ya buɗe shago. Ya yi aure, ya samu 'ya'ya biyu masu surutu kamar rediyo. Abin da ya riƙa ƙona min rai shi ne bai iya ɓoyo ba. Yana cikin auna allo da igiya sai ka ji ya ce wa mai shago, "Ni fa na taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa," kamar mai ba da labarin zuwa kasuwa. Ƙwayoyin maganinsa suna cikin wani tsohon gwangwanin fenti a kan kanta, yana haɗiyarsu a gaban kowa.

Na taɓa ce masa, "Wai kai ba ka san rufin asiri ba ne?"

Ya ce, "Asirin wa, Yaya? Mai hawan jini ma a gaban mutane yake shan nasa."

Daga nan na rage zuwa shagon. In mun haɗu a hidimar dangi mu gaisa sama-sama, in wata abokiyar aiki ta tambaye ni sai in ce wani ɗan'uwa ne.

Akwai wani zama da yake yi duk Asabar, ya fara shi ne ba tare da shiri ba. Matasa suna yawan tsayawa kallon aikinsa, shi kuma yana lura da waɗanda idonsu ya yi irin nasa na da. Sai ya riƙa yanka kwalaye, ya zuba ragowar fenti a murafun gwangwani, ya shimfiɗa buhuna a filin bayan shago. Ya ce kowa ya zana abin da ke cikin kansa, ba abin da ke gabansa ba. Dokarsa ɗaya ce mai ƙarfi: da hannun hagu ake zane, kuma ba a sa suna. Ya ce da hannun dama mutum burga yake yi, da hagu kuwa kowa ɗan koyo ne, ba mai yi wa wani dariya, ba kuma mai gane hannun wani. In an gama a jefa kwalayen a cikin babban daro a kife, a cakuɗa, sannan a ɗauko ɗaya-ɗaya a tattauna a kai. Ba a tambayar na waye. Sau ɗaya a wata wata ma'aikaciyar jinya daga asibitin nan takan zo ta zauna a benci tana shan shayi, wanda ya ga dama ya matsa kusa da ita.

Da labarin ya iso kunnena na tara 'ya'yana na ce duk wanda na ji ya taka wajen nan zai gamu da ni. Na ce ana koya wa yara raki ne kawai.

Auta tana da shekara sha bakwai a lokacin. Yarinya ce da a da sai an ce ta yi shiru. Sannu a hankali ta zama sai an ce ta yi magana. Kayanta suka fara yi mata yawa, sakamakonta ya yi ƙasa, in ta dawo makaranta ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ni da na ga irin wannan da idona a gidanmu, ni ce na rantse lalaci ne da waya. Na ƙwace wayar. Na ƙara mata aiki. Da ta ce za ta riƙa zuwa darasin lissafi ranar Asabar har daɗi na ji, na ce ga shi ta fara hankali.

A lokacin ni ce mataimakiyar shugaban makarantarmu. Wata rana shugaban ya kira ni ofis yana murna, wai wani mai fenti ya nemi a ba shi zauren taro ranar Asabar don a nuna zanen matasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ya amince. Ya ce ni zan wakilce shi. Na kawo uzuri uku, duk ya ture. Bai san ƙanina ba ne, ni kuma ban faɗa ba.

Ranar na tarar an ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga, an rataye kwalaye sun fi hamsin da maƙalan shanya. Warin fenti ya cika zauren. Iyaye sun zo, malamai sun zo, ɗalibanmu suna raba ruwa, har da Auta a cikinsu, na ɗauka malamar ajinsu ce ta sa ta. Mai Fenti ya hango ni ya ɗan sunkuyar da kai kamar yadda ake gaida baƙuwa. Ya san ba na so a sani, ya kuma rufa min.

Na shiga zagayawa da wasu malamai mata biyu da iyaye kamar biyar a bayana. Zanen duk a karkace, kawuna kamar kabewa, hannuwa kamar tsintsiya. Wani ya zana kai da ƙudaje a ciki, wani ya zana kansa ɗauke da gida. Ina tafe ina sakin magana, suna dariya, ni kuma daɗin bakina yana ɗibata.

Sai muka zo kan wani da ya fita daban. Layinsa a miƙe, inuwarsa a zaune. Yarinya ce a tsaye cikin tankin ruwa, ruwan ya kai mata har ƙasan hanci, idonta a sama. A bakin tankin ba a ga mutane ba, sai ƙafafuwansu kawai suna wucewa. Kowa ya yi shiru a gabansa, ni kuma shirun ne ban so ba.

Na ce, "Wannan dai coge aka yi, da dama aka zana shi." Na ƙara da cewa, "In kuma da gaske ne, ina uwar yarinyar take? Irin matan nan ne da sai dai su haifa su zubar. 'Yarki tana cikin wannan hali a gidanki ki ce ba ki sani ba? Wallahi wasu ba su cancanci a kira su uwa ba."

Da ƙarfi na faɗa, irin muryar da nake tsawata wa ɗalibai a filin taro. Wata daga cikin iyayen ta ce gaskiya ne, Malama.

Ban san Mai Fenti yana kusa ba sai da na ji muryarsa a hankali. "Malama, ba a yi coge ba. A gabana aka yi shi, kuma da hagu."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya wuce. Bai karya dokarsa ba. Ni ce na tsaya ina tunanin wane irin yaro ne hagunsa ta fi damarsa, sai na tuna. Auta bahaguwa aka haife ta. Ni na raba ta da hannun tana 'yar shekara biyar, da rula a kan yatsu, har ta koma rubutu da dama, rubutun da kullum nake yi wa gorin kamar tafiyar kaza. Shekara goma sha biyu ke nan, har na manta. Na sake duban ƙafafuwan da ke bakin tankin. Na uku takalmina ne, ruwan ƙasa, da maɗaurin da mai gyara ya ɗinke da baƙin zare. Shi ne a ƙafata a lokacin. Ashe darasin lissafin Asabar shagon kawunta ne.

Na waiga. Tiren ruwa yana kan kujera a bayana, taku uku tsakaninmu, ita kuma ba ta nan.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a kan nawa na tsaya na yi wa'azi a gaban jama'a. Kunyar da na ji ranar ba irin wadda na saba ba ce. Waccan tsoron bakin mutane ce. Wannan kuwa ba wanda ya san abin da ya faru sai mu uku, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san me na ce wa malaman ba. Na ɗauki jakata na fita, ban rufe taron ba.

Na same ta a ɗaki wajen la'asar, zaune a ƙasa ta jingina da gado, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ni da bakina ba ya mutuwa, na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta riga ni.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Ban sa suna ba. Ba wanda zai san 'yarki ce."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Yarinya ruwa ya kai mata hanci, amma mutuncina take tattali. Na zauna a ƙasa kusa da ita, gwiwoyina suna ƙara.

Na ce, "Tun yaushe?"

"An kusa shekara biyu."

"Me ya hana ki gaya min?"

Ta ce, "Na gaya miki. Na ce kaina ya yi min nauyi, ba na jin daɗin komai. Kika ce in tashi in yi wanke-wanke zai sauka."

Na tuna ranar. Ina duba takardun jarrabawa, ko ɗagowa ban yi ba.

Na ce ta yafe min. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Na tambaye ta ko za ta yarda mu ga likita. Ta ce Kawu ya daɗe yana roƙonta ta bari ya yi min magana, ita ce ta hana, don ta san yadda nake ji da shi. Ta ce ba ta so ita ma in riƙa ce mata wata 'yar'uwa.

Na fito tsakar gida na kira shi. Lambarsa ma sai da na nema, don ban ajiye ta da suna ba. Ya ɗauka, ina jin ƙarar kwalaye ana tattarawa.

Na ce, "Ni ce."

"Na sani, Yaya. Tana gida?"

"Tana gida." Sannan na ce, "Wace rana likitan yake ganin mutane?"

Bai yi min gori ba, bai ce ai ya faɗa ba. Na so ya yi, ko na samu abin riƙewa. Sai ya shiga yi min bayani kamar mai kwatancen gidan biki: ranar Talata, a je da wuri, a yanki kati a taga ta biyu, a tafi da ruwan sha don wajen akwai zafi. Ya ce shi ma ranar ce ranar karɓar maganinsa, zai riga mu zuwa ya kama mana wuri.

Na ce, "Layin yana da tsawo ne?"

Ya ce, "Yana da tsawo. Amma ina ganin waɗanda ake rakowa, kamar bai cika damunsu ba. Ni dai ban taɓa gwadawa ba."