Ranar da Yaya Ya Hau Kwalta

Asubar Lahadin da ta wuce muka bar unguwarmu Mount Hope da ke Bronx, mu uku: ni, da yayana, da wani amininsa mutumin Maraɗi mai sayar da tayoyi. Ana idar da salla muka gangara garejin Yaya da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a titin Jerome, inda motar tserensa ta kwana ɗaure a kan 'yar tirelar da ake ja da mota. Masu bibiyata a nan sun saba da hotunan girki da ƙorafin aikin asibiti. Yau labarin tafiya na kawo, kuma ba mai daɗi ba ne.

Yaya bakanike ne. Kafin ya zo ƙasar nan direban motar kasuwa ne a hanyoyin burji na ƙauyukan kudancin Kano, irin hanyoyin da in damina ta yi nisa sai gwani ke fita da mota. Shekarun baya wani mai kawo masa gyara ya ja shi kallon tseren motoci a wani ƙaramin gari da ke arewa da birnin nan. Filin ba babba ba ne, zagaye ne mai siffar ƙwai, daɓe da jar ƙasa, manoma da masu gareji ke fafatawa a kai ranar hutu. Yaya ya dawo ya sayi gawar wata mota, ya tayar da ita da hannunsa. Tun daga nan, in zafi ya shigo, Lahadinsa ta filin ce. Ya sha gayyatata, ni kuwa kullum ina da uzuri.

Abu biyu suka sa na bi shi wannan karon. Na farko, sabon mai filin ya zuba masa kwalta a lokacin sanyi, saboda mutanen sababbin gidajen da aka gina a kusa sun dame shi da ƙorafin ƙura, kuma wannan ce ranar farko da za a yi tsere a kanta. Na biyu, matar Yaya ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya fara zuba shayi a gefen kofi, saƙon waya ma sai ya miƙa a karanta masa, wai rubutun ya yi ƙanana. Yana da ciwon sukari, kuma duk wanda ya ambaci likitan ido sun ɓata ke nan. Ta ce, "Ke ce ma'aikaciyar jinya. Ki je ki gano min da idonki."

Yaya ne ya ja mu a akori-kurarsa. Babban titin da ya ratsa Bronx, wanda kullum mutum ke tsufa a kansa, ranar fayau yake, har sai da na yi zargin ko mun ɓata hanya. Muka haye kogin Hudson gari na wayewa, hazo kwance a kan ruwa. Kuɗin gada babu mai karɓa a hannu, na'ura ce ke ɗaukar lambar mota, aminin Yaya ya ce gara 'yan sandan kan iyaka, su aƙalla suna gaishe ka kafin su tatse ka. Ya zo da filas ɗin shayi da dogon burodi irin nasu cike da soyayyen ƙwai, shi ya cece mu, don a gidan man da muka tsaya kofi mai ɗanɗanon ruwan wanke tukunya ya fi farantin shinkafa tsada a unguwarmu.

Ina kujerar baya ina lura. Yaya ya sami bayan wata babbar mota ya manne, ba ya wuce ta, ba ya barin ta yi nisa. Duk allon da muka tunkara, amininsa zai karanta shi da ƙarfi kamar mai magana da kansa: sunan gari, lambar hanya, inda za a fita. Ba wanda ya tambaye shi. A nan na gane ba matar Yaya kaɗai ta lura ba.

Da hantsi gine-gine suka ƙare, muka shiga gonakin masara da garken shanu baƙi da fari, manya-manya, ba makiyayi ko ɗaya a bayansu. Kafin mu hango filin warin sabuwar kwalta ya tarye mu. Yaya ya sauke gilashi ya shaƙa. Amininsa ya ce, "Ga gudron ɗinka nan." Haka suke kiran kwalta a Nijar.

A ƙofa wata tsohuwar Baturiya ce ke yankar tikiti. Tana ganin Yaya ta fito daga rumfarta ta dafa ƙofar motar suna gaisawa kamar 'yan unguwa ɗaya. Ashe ita ce ta yi shekaru tana jan tankar ruwan da ke jiƙa filin kafin kowane tsere, don kada ƙasar ta bushe ta zama ƙura. Ta nuna mana tankar a bayan rumfa, ciyawa ta fara cin tayoyinta. Ta ce direbobin da ta sani da yawa ba su zo ba, wasu sun ajiye, wasu sun ce ba su da abin sake gina mota don kwalta. Bencinan 'yan kallo kuwa rabinsu babu kowa.

Muka sauke motar a wurin da direbobi ke shiri. Yaya ya yi wata da watanni yana sauya ta: ya sauke ta ƙasa, ya ƙara wa sifirin ƙafafunta tauri, amininsa ya samo masa tayoyi masu sulɓi marasa zane a madadin masu haƙora da ake hawa ƙasa da su. Ni da ban san komai ba na tambaye shi, ai kwalta ta fi sauƙi, tunda babu santsi babu rami.

Ya zauna a kan taya ya ce, "A kan ƙasa ba da ido ake tuƙi ba. Laka na watso maka a hular kwano, ƙura na tashi, kai da wanda ke gefenka duk ba mai ganin kirki. Da ƙugunka kake jin motar. Ka shiga kwana ka sake mata baya ta zame, ka riƙe ta da totur. Ƙasar ma sauyawa take, da safe danƙo, da yamma sulɓi, sai ka nemi inda take kama taya, ta saman zagayen ko ta ƙasansa. Kwalta kuwa layi ɗaya ne. Akwai wurin taka birki, dole ka gan shi. In ka wuce shi, katanga ce."

Na ce, "To Yaya, kana ganinsa?"

Ya miƙe ya ce wa amininsa ya miƙo masa abin auna iskar taya.

Abincin wurin kusan duk da naman alade ne. Muka tsira da dafaffiyar masara da wani soyayyen ƙullu mai faɗi da aka barbaɗa wa sukari, kamar fanke da mota ta taka. Na hana Yaya ci, ya ce ko a lahira na same shi sai na auna masa jini. Muka yi azahar a inuwar tirela. Mutanen wurin sun saba da shi, wani mai jan gemu har ya kashe injinsa sai da muka sallame.

Bayan azahar aka kira rukuninsu. Na hau benci na zauna kusa da wata mata da 'ya'yanta mata biyu, ta nuna min wata mota ruwan ganye ta ce ta mijinta ce. Rana ta karkata tana dukan kwaltar, baƙar nan tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ni mai lafiyar ido ma sai da na kare fuska da hannu.

Aka kaɗa koriyar tuta. Ƙarar ba a kunne kaɗai ake jinta ba, har a haƙarƙari. Tun zagayen farko na ga Yaya na taka birki da wuri, tun kafin kwana, motocin baya na kewaye shi ɗaya bayan ɗaya. A wata kwanar ya manta, sai ya sake mata baya irin na da, motar ta ƙi zamewa, ta yi tsalle ta kusa juyawa. Wani dattijo a bayana ya ce wa abokinsa, "Wannan mutumin a kan ƙasa ba a kama shi." Ba da daɗewa ba na gaba suka zagayo suka tarar da shi. Mai tuta ya yi ta kaɗa masa alamar ya ba da hanya, bai kauce ba.

Sai motar nan ruwan ganye ta juya a fitar kwana, ta tsaya a gicciye tsakiyar hanya. Aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa, fitilun gargaɗi suka kama, kowa ya sassauta ya raɓe. Kowa ban da Yaya. Ina kallo ya fito daga kwanar da gudunsa, kai tsaye. Ban ji ƙarar birki ba sai dab da ƙarshe. Ya daki motar a gefen direba.

Ban san yadda na sauka daga bencin ba. Matar da ke kusa da ni tana gabana da gudu, ƙaramar 'yarta na kuka a baya. Da na isa shinge Yaya ya riga ya fito ta taga da ƙafafunsa, yana tsaye riƙe da hularsa. Ɗaya direban sai da aka zaro shi. Yana magana, yana motsa ƙafafu, amma daga yadda kafaɗarsa ta sauka na san ƙashi ya karye. Aka sa shi a motar asibiti, matarsa ta shiga, wata maƙwabciyarsu ta riƙe yaran.

Shugaban tseren, wani dogon mutum mai farar riga, ya zo wurin Yaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na san ka shekara da shekaru, ba ka taɓa dukan motar da ke tsaye ba. Ba ka ga tutar ba?"

Direbobi sun kewaye su. Yaya ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Ya ce, "Ban gani ba. Motar ma ban gan ta ba sai da na zo kanta."

Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya sake hawa filin sai likita ya duba shi. Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi ina jin da ya fi masa sauƙi. Mai jan gemun nan da wasu suka taya mu tura motar kan tirela, gabanta a murƙushe, ruwa na zuba. Tsohuwar mai tikiti ta tsaya a ƙofa ta ɗaga mana hannu, Yaya bai ɗaga ba, kuma ban sani ba ko kunya ce ko bai gan ta ba.

Amininsa ya ja mu a dawowa. Ni da Yaya muna baya. Sai da muka wuce gonakin na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara. Abin da na kalla kai tsaye shi ke ɓacewa, gefe-gefe nake gani. A kan ƙasa ban taɓa jin na rasa komai ba. Can kaɗai nake zuwa in ji ni lafiyayye ne." Can ya ƙara da cewa, "Yaran nan nasa suna kallo, ko?"

Na ce suna kallo.

Mun shigo Bronx ana kiran magariba, cunkoson da ya yafe mana da safe yana jiranmu a bakin gada. Muka ajiye tirelar a gareji. Matarsa na buɗe ƙofa ta dubi fuskata, ta koma kicin ta rufe.

Ran Talata na kai shi wurin likitan ido, wannan karon bai yi gardama ba. Jijiyoyin bayan idon sun daɗe suna tsiyaya. Likita ya ce za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa kada mu sa rai. Tuƙi ya ƙare, na tsere da na titi. Garejin da ke ciyar da gidansa da gidan mahaifiyarmu a Kano, ban san yadda zai riƙe shi ba, don aikin ido ne. Yaya ya sa na kira matar wancan direban na ba ta haƙuri a madadinsa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce an yi wa mijinta aiki, kafinta ne, zai daɗe bai ɗaga guduma ba. Ta yi godiya ta kashe.

Duk hanyar dawowa kwaltar nake tsine wa a zuciyata. Yanzu da na huce na san ba ita ta ci idon Yaya ba. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, mutum na iya daɗewa yana ɓoye ciwo in ya sami wuri ɗaya da ciwon ba ya nunawa, kuma ranar da wurin ya sauya ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba. In kuna da mai sukari a gida, ku kai shi a duba idonsa ko zai yi fushi da ku.

Jiya na biya ta garejin. Motar na nan a kan tirela, jirgi na wucewa ta samanta. Yaya ya ce a sayar, amma sharaɗinsa ɗaya: a nemo wanda zai mayar mata da tayoyinta masu haƙora, ya kai ta inda har yanzu ake tsere a kan ƙasa. Amininsa ya raka ni bakin titi ya ce ya yi ta buga waya. Filin ƙasa mafi kusa da ya sani an rufe shi bana, za a gina rumbunan ajiyar kaya a wurin. Bai gaya wa Yaya ba tukuna.