Daɓen Jirgin Surukina

Ni kafintan rufi ne. Shekara ashirin da wani abu ina hawa kan gine-ginen Jimeta, kuma ban taɓa jin an ce iska ta yaye kwanon da na buga ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin girman kan da na shiga aikin jirgin surukina da shi.

Surukina masunci ne, a bakin Tafkin Chadi ya tsufa. Shekarar da mutanen daji suka watsa garuruwansu, ya iso gidanmu a Limawa da riga ɗaya a wuya, ƙafafu duk sun kumbura. Muka ba shi ɗakin zaure. Ya warke, har ya ɗan murmure, amma zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba ciyar da gida guda, ga shi yana jiran a miƙo masa kwano daga ɗakin 'yarsa. Da aka shiga shekara ta biyu sai ya fara cewa zai koma tafki, wai ya ji wasu sun koma suna kamun kifi. Mu ma mun ji, mun kuma ji yadda wasunsu suka ƙare. Matata ta daina cin abincin kirki, ni kuma tsoro ya kama ni sosai, don na san tsohon nan idan ya faɗi abu yi yake yi.

Matsalar ita ce ba na iya yi masa magana. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa zama kan tabarma ɗaya ba. In na shigo na tarar da shi a zaure, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, idona a ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon bango. Duk abin da ya wuce gaisuwa sai ya bi ta bakin matata. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa ganin aibunsa ba.

Ana cikin haka na je gyaran rufi a Bekaji, gidan wani tsohon ma'aikaci. A bayan gidan na ga ƙaramin jirgin ruwa na alminiyom, an zuba wa awaki dusa a ciki. Nan take na raya a raina, in tsohon ya samu abin kamun kifi a kogin garinmu, wataƙila ya fasa komawa tafki. Mai gidan ya ce ɗauke shi ma taimako ne a gare shi. Kwale-kwalen katako ya fi ƙarfina a lokacin, saboda haka na ɗaure wannan a kan keke mai ƙafa uku, muka ratso gari mutane suna nuna mu.

Surukina ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya shige ɗaki. Can sai matata ta zo ta ce, "Baba ya ce cikinsa kamar ƙwarya yake, ga santsi. Mai jefa birgi a tsaye yake jifa. Sai an yi masa daɓe." Birgi ita ce komar nan da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Na ce daɓe kawai? A faɗa wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Na sayo maɗaci, don ni a wurina katakon da ba ya karya wa mutum kafaɗa ba katako ba ne. Na ɗaga hama zan buga ƙusa ta farko a jikin jirgin, sai maƙwabcina ya rugo daga shagonsa. Inyamuri ne, a Jimeta aka haife shi, tagogin alminiyom yake haɗawa.

"Oga kafinta, abeg, tsaya!" in ji shi. "Ƙarfe da alminiyom ba ya zama tare. Ruwa ya taɓa, ƙusa zai ci jirgi, ya yi rami. Kana so ka nutsar da baban madam?"

Na ji haushi, amma na ajiye hamar. Tun da ba halin buga ƙusa, sai na yi abin da na iya: na ɗora katakan a kan leɓen jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, yadda nake ɗora su a kan bango, na shimfiɗa falanki a sama. Daɓe ya fito sumul, ko biki za a iya yi a kansa. Kullum da yamma tsohon yakan fito ya duba, ya yi wa 'yarsa magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta zo ta ce mini, "Baba yana yaba aiki." Sai daga baya na san abin da yake faɗa shi ne, "Aiki ya yi kyau, da dai an sauke shi ƙasa." Rabin farko take kawo mini, don kada ɗayanmu ya ji kunya.

Ranar gwaji mutum shida suka ɗauki jirgin da a da mutum biyu ke ɗauka, amma ban lura ba. Muka sauke shi a kogin Binuwai, ƙasa da gada kaɗan, wurin da masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Hantsi ya ɗaga, mata na wanki, ana hango ƙetaren Girei tas. Surukina ya tura jirgin, ya hau, ya miƙe tsaye da birgi a kafaɗa. Jirgin ya karkata dama, ya karkata hagu, sai kawai ya kife.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, da rigata da takalmana. Na manta ban iya iyo ba. Taku uku na yi ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina, na sha ruwa har na ƙoshi. Wanda na je ceto shi ya damƙi wuyan rigata ya jawo ni bakin gaɓa, yana numfashi daidai kamar ba abin da ya faru. Masuntan suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo daga cikinsu, mutumin Numan, ya ce, "Bappa, wannan jirgi ne ko gidan sama?" Surukina ya juya musu baya. Ya matse hularsa ya kama hanyar gida.

Bayan la'asar matata ta same ni, idanunta sun yi ja. Ta ce Baba ya tambaye ta ranar da motar Maiduguri ke tashi.

Na daɗe a tsaye a tsakar gida. Daga nan na nufi zaure, na yi sallama, na cire takalmi, na zauna a gefen tabarmarsa. Ya ɗago a firgice.

Na ce, "Baba, ni rufi na iya. Ban san ruwa ba. Ka faɗa mini da bakinka yadda za a yi, in yi."

Sai ya jawo kwanon shan ruwansa, ya ɗora carbinsa a kan bakin kwanon, ya taɓa shi da yatsa, kwanon ya karkata. Ya mayar da carbin cikin kwanon ya sake taɓawa, bai motsa ba.

Ya ce, "Nauyi a ƙasa yake zama, ɗana. Taƙi ɗaya daga gindi, kada ya wuce. Katako mara nauyi. Ka bar mini rami a baya inda zan kwarfe ruwa."

Washegari na ɓamɓare maɗacina duka, raina yana ƙuna. Na je wurin maƙwabcina da kaina, bai yi mini gori ba, sai dai murmushin da ya fi gorin ciwo. Ya tara guntayen firam ɗin taga, muka yanka su daidai faɗin cikin jirgin, ya kama su da ribit a jikin haƙarƙarin jirgin, sama da inda ruwa ke kaiwa, ba a huda gindi ko sau ɗaya ba. A kansu na shimfiɗa falankin obece, farin katakon nan mara nauyi wanda a da ko kallo bai ishe ni ba, na shafe shi da fenti hannu uku. Surukina yana tsugune kusa da ni duk tsawon aikin. Ya ƙi tef ɗina na awo. Ya shiga jirgin ya ware ƙafafu yadda yake tsayawa in zai yi jifa, ya ce in zana fensir a nan da nan. Da na kauce yakan ce, "A'a, ba haka ba," kai tsaye, ni kuma in gyara. Har yau ban taɓa jin daɗin gyara a wurin aiki kamar wannan ba.

Bayan mako guda muka koma bakin ruwa, wannan karon mu biyu muka ɗauke shi. Na tsaya can nesa da gaɓa, na koyi hankali. Ya hau, ya ɗan girgiza jirgin da ƙafa da gangan, jirgin ya tsaya. Ya tura zuwa tsakiya, ya miƙe, ya juya ƙugu ya saki birgi. Ta buɗe gaba ɗaya ta sauka. Masuntan da suka yi dariya suka bi ta da kallo, dattijon nan na Numan ya ce, "Kai, wannan ya san aiki." Jifa na huɗu ya jawo karfasa, ba su da yawa, za su dai yi miyar gida. Hawaye ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba.

Da ya dawo gaɓa bai fito nan da nan ba. Ya tsuguna yana danna falankin da babban yatsa, yana leƙa ƙarƙashinsa. Na ce a raina ko wani abin ne kuma ya ɓaci. Na matso na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya. Wannan katakon zai yi damina biyu. A ta uku sai mu sake shi, ni da kai."