Jallabiya a Sarƙar Keke

Wata Juma'a kafilina, Balaraben da nake yi wa tuƙi a Riyad, ya miƙo mini kekensa na hawan duwatsu, wai in gwada gangaren dutsen Tuwaiƙ. Abokansa duk sun matse cikin gajerun wanduna. Ni da na girma ina kai gero kasuwa a keke zan tsaya nuna cinya? Da jallabiyata na hau.

Ina tsakiyar gangare sarƙa ta cafke bakin rigar, ta fizgo ni. Na kifa da baki, tsakuwa ta kwashe fatar kafaɗata, haƙora biyu suka fita.

Kafilin ya iso a guje yana salati. Ina kwance ina tofar da jini, ya tsallake ni ya ɗaga kekensa.